Kwalbar da Ilu Bai Cika Ba

Daminar bana ce ta cika shekara goma sha biyu da rasuwar ƙanena Ilu. Ranar da aka ɗauke shi ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, kwatocin unguwarmu ta New Bell sun cika sun tumbatsa, sai da maza suka naɗe ƙafafun wando kafin su fita da makara daga lungunmu. Ba Ilu ne sunansa na yanka ba, ɗansa ma ba Nasiru ne sunansa ba. Da gangan na sauya su, kuma da gangan na zaɓi jaridar Hausa wadda ba kasafai take isowa Duwala ba, don samarinmu na nan Faransanci suke karantawa, in ma sun karanta. Wanda ya daure ya kai ƙarshe zai gane dalilin wannan ɓoye-ɓoye nawa.

Duk shekara sadakar waina nake yi in bar ranar ta wuce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wasu 'yan kwalabe da ke cikin firjina. Ƙanana ne, ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba, suna can ciki bayan gorunan zoɓo, wanda mu a nan muke kira folere. Na Nasiru ne, ɗan Ilu tilo, wanda na riƙe tun yana ɗan shekara tara, lokacin da uwarsa ta sake aure ta koma Garwa. Yanzu ya zama cikakken namiji, yana wasan ɗaga ƙarfe kamar ubansa, kuma abin da ke cikin kwalaben nan yake zuƙa da sirinji yana tsira wa cinyarsa. Tsorona ɗaya ne, kada in ga an fita da shi ta lungun da aka fita da ubansa.

Ni ce babba a ɗakinmu. Ni aka sa boko, na ƙare a ofishin masu fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, inda na tsufa ina buga takardun da ba na jin akwai mai karanta su. Ilu a makarantar allo ya tsaya, daga nan sai kasuwar Sandaga, dakon buhunan albasar da ke saukowa daga arewa. Allah ya ba shi jiki, ya hana shi baki. A can wani koci ya zo cefane, ya ga yadda yake fizgo buhu daga ƙasa ya cilla shi bisa mota ba tare da ya ɗora a kafaɗa ba, ya bi shi har gida. Innarmu ta saurari bayanin wasan, ta ce ita fa ba ta gane ba: a kasuwa in ka ɗauki kaya ka kai shi wani wuri, a can kuma ka ɗaga ka mayar inda ka ɗauka, wane irin aikin banza ne wannan? Amma da ya fara dawowa da lambobin yabo, ita ce ta rataye su a jikin labulen ɗakinta, duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata.

Akwai halinsa guda da sai an san shi za a fahimci sauran labarin. Ilu mutum ne mai kunya har ta yi yawa. Kayan wasan nan da ke ɗame jiki, sai ya sa dogon gajeren wando a ciki ya rufe gwiwa. 'Yan dakon Sandaga duk bangon da suka samu nasu ne, shi kuwa ko fitsari zai kashe shi sai ya nemi bayi mai ƙofa. A jakarsa ta wasa, tare da bel da takalma, kullum akwai wata shuɗiyar buta. Abokan wasansa, waɗanda galibinsu ba Musulmi ba ne, har suna suka sa masa, Monsieur Bouilloire, wato mai buta. Yakan yi murmushi ya amsa.

Ranar da abin ya faru, gasar zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa a waje ake yi, a wani zauren wasanni nan cikin Duwala. Ilu ya zo na ɗaya a ajinsa. Bai gama share gumi ba wani ma'aikaci ya dafa shi ya ce yana cikin waɗanda za a yi wa gwajin fitsari, don a ga ko sun sha maganin ƙara ƙarfi. Ga wanda bai sani ba, dokar gwajin ta ce daga wannan lokaci ɗan wasa ba zai ɓace wa idon ma'aikaci ba, kuma sai ma'aikacin ya ga fitsarin yana fita daga jikin mutum da idonsa, saboda an sha kama masu ɓoyo na wani a cikin roba. Za ka ɗage riga har ƙirji, ka sauke wando har gwiwa, ka tsaya kana fuskantarsa. Ina rubuta wannan ina jin nauyi, mace da shekaruna. Amma jin nauyin nan ne ya cuce mu, don haka bana sai na faɗa.

Tun da Ilu ya yi wayo bai taɓa fitsari a tsaye ba, balle a gaban wani. Ya shiga, ya juya baya, ya tsuguna yadda aka koya masa. Mutumin ya ce a'a, miƙe, juyo. Ya miƙe, ya juyo, ya yi duk abin da aka ce, sai jikin ya ƙi. Marar ce ta kulle, ba shi da iko da ita. Aka mai da shi ɗakin jira, aka ba shi ruwa ya sha, aka sake shiga, ko ɗigo. Haka suka yi ta yi tun bayan azahar. Yana shan ruwa mara na cika har tana ciwo, da ya ga idon mutumin a kansa sai komai ya ɗauke.

Can ya leƙa taga ya ga rana ta yi ja, la'asar na neman kuɓuce masa. Ma'aikatan kaɗan ne, nasa ya shiga da wani ɗan wasan. Ilu ya ɗauki butarsa, ya ce “j'arrive” da Faransancinsa na kasuwa, wato ina zuwa, ya fita. Bai san ana neman izinin ɗan Adam kafin a je salla ba. A bayan zauren akwai ɗan masallacin masu tireda. Duk wanda ya zauna gaban malam ya san ba a son mutum ya tsaya salla fitsari na matsarsa, don haka ya shiga bayi ya rufe ƙofa, abin da ya ƙi fita tun rana ya fita salin-alin. Ya yi tsarki, ya yi alwala, ya yi sallarsa. Ya dawo da fara'arsa, yana cewa a ƙaro masa ruwa, wannan karon in sha Allahu zai iya.

Ma'aikacin ya tambaye shi ina ya je, me ya yi. Ilu ba ya ƙarya, ya faɗa masa tiryan-tiryan. A dokarsu, wanda ya sulale ya je ya zubar da abin da ake jira, hukuncinsa ɗaya da wanda aka kama dumu-dumu. Na yi shekaru ina tsine wa mutumin nan a zuciyata, yanzu na daina. Aikinsa ya yi. Da ni ce a kujerarsa, na ga ƙato ya ɓace ya dawo da mara wayam, abin da zan zata ke nan.

Aka kira shi zaman jin bahasi. Cikin masu zaman akwai wata likita, mace, sa'ar Innarmu. Suka ce ya bayyana abin da ya fitar da shi, ya ce salla. Suka ce to, me ya sa abin da ka kasa yi a nan ka iya yi a can? Ilu ya sunkuyar da kai, ya kasa buɗe baki ya yi wannan magana a gaban mace. Suka ɗauki shirun a matsayin amsa, suka dakatar da shi shekara biyu.

A New Bell ba wanda ya damu da bambancin maganin 'yan wasa da ƙwayar da wasu 'yan acaɓa, benskin ɗinmu, ke haɗiya su yi ta sheƙa gudu. Labarin da ya iso unguwa shi ne an zo yi wa Ilu gwaji, ya gudu, an kore shi. Kafin juma'a ta zagayo ya zama ɗan ƙwaya. Ina zaune Inna ta kira shi ɗaki.

“Ilu, ka sha?”

“Ban sha ba, Inna.”

“To me ya sa ka gudu?”

Ya zuba wa tabarma ido. Wane ɗan Bahaushe ne zai dubi uwarsa ya ba ta labarin sauke wando? Inna ta jira, ta jira, sannan ta tashi ta cire lambobin nan daga jikin labule ta zuba a kwano ta rufe. Har ta koma ga Allah ba ta sake tambayarsa ba, shi ma bai faɗa ba. Ni kaina a lokacin ban san komai ba sai abin da kowa ya sani, kuma takardar hukuncin da na karanta masa cewa kawai ta yi ya kauce wa gwaji.

Ya koma Sandaga. Da wa'adin ya cika bai koma zauren ba, koci ya riga ya sami wasu yaran, shi ma zuciyar ta mutu. Bayan wasu shekaru hawan jini ya kama shi, ciwon da ya ɗauke mahaifinmu da yayyen mahaifinmu, ya gangara ya taɓa ƙoda. Ƙafafu suka fara kumbura, fuska ta bi. Unguwa kuwa sai ta ce ai ga ta nan, ƙwaya ta ci masa ƙoda. Da kunnena na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita haka a zaman makokinsa, hannunta riƙe da wainar sadakarsa.

A daminarsa ta ƙarshe ya gaya mini. Da rana ne, ruwa ya hana ni komawa ofis, ina zaune bakin katifarsa ina matsa masa ƙafa. Ya juya fuska bango, ya ba ni labarin daga farko har ƙarshe, bai juyo ba sai da ya gama. Na ce Ilu, shekara nawa kana ɗauke da wannan, kai wane irin mutum ne? Ya yi 'yar dariya ya ce, “Yaya, wa zan gaya wa? Ke ma don na ga tafiya ta zo ne.” Ya roƙe ni in Nasiru ya girma in sanar da shi, don kada ya rayu yana jin kunyar ubansa.

Nakan zauna da wayata in karanta labaran wasanni, in tambayi kaina me Ilu zai ce da ya ga zamanin nan. Yanzu ana daskarar da fitsarin 'yan wasa a ajiye shekaru, in an sami sabuwar na'ura a fiddo a sake dubawa. Ana raba shi kwalba biyu, in ta farko ta kama mutum yana da damar cewa a buɗe ta biyu. An ƙwace lambobin wasu bayan sun yi furfura, an miƙa wa waɗanda suka biyo bayansu, wasu kuma an wanke su bayan an ɓata su. Duk wanda aka zarga yana da kwalbar da zai nuna. Ƙanena ba shi da ko ɗaya. Abin da kaɗai zai wanke shi ya bi kwatar masallacin masu tireda ya gangara kogin Wuri tun wancan yammacin. Ni da nake rantsuwa bai sha ba, in aka ce in kawo hujja, ba ni da ita sai maganar mutumin da ya juya fuska bango.

Da zai ga katafaren filin wasan da aka gina a Japoma, na san zai tsaya ya riƙe baki. Da zai ga samarin gidajen motsa jiki suna tuɓe riga suna ɗaukar hoton ƙirjinsu suna watsa wa duniya, sai ya kau da kai. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne yadda allurar ta zama ruwan dare. A zamaninsa sai manya masu fita waje ake jin suna yi. Yau yaro zai aika saƙo ta waya, ɗan benskin ya kawo masa har ƙofar gida a cikin leda, kamar ya yi odar tsire, soya ɗinmu. Masu gwaji na ƙara wayo, masu sha na riga su, kuma masu sayarwa har jadawali suke ba yaro na ranar da zai tsaya don jikinsa ya washe kafin gasa.

Nasiru ya tashi yara na ce masa ɗan mai ƙwaya. Ya sha dambe a kan wannan tun yana firamare, ni na sha zuwa ba da haƙuri. Da ya ce zai ɗaga ƙarfe na hana, ya ce sunan ubansa zai wanke, sai na ƙyale shi. Shekarunsa na farko da ƙosai da wake da tuwona ya yi su, kuma ya yi ƙoƙari. Sai ya fara dawowa yana huci, wai yaran da yake kayarwa bara sun dawo bana kamar an hura su. Ya zo na huɗu, ya zo na biyar, aka tafi waje aka bar shi. Daga nan na ga kafaɗunsa sun fara buɗewa fiye da hankali, ƙuraje sun feso masa a baya, ga saurin fushi, yaron da ko kaza ba ya tsawata wa ya ɓalla mini ƙofar kicin don ta ƙi buɗuwa. Da na ga kwalaben na tambaya, ya ce, “Vitamine ne, Goggo.” Ya manta goggon tasa ta fi shi Faransanci. Na kwafi sunan da ke jiki na duba, na karanta abin da yake yi wa zuciya da hanta da ƙoda, musamman ga mai gadon hawan jini.

Sai na ce lokacin saƙon Ilu ya yi. Na zaunar da shi bayan la'asar, na cire kunya na ba shi labarin kamar yadda na ba ku. Ya saurara har ƙarshe, idonsa ya kawo ruwa.

“Ke nan Baba bai sha komai ba, Goggo?”

“Ko ƙwaya ɗaya.”

Ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza. Na ce a raina alhamdu lillahi, na samo yarona. Da ya ɗago ya share fuska, sai ya ce, “To me tsabtar ta tsinana masa? Bai sha ba, an ce ya sha, ya mutu a kan tabarma ana zaginsa. Ni ba ni da matsalarsa, Goggo. In suka ce in tuɓe zan tuɓe, in kalli mutum cikin ido in cika masa kwalba. Kuma na san ranar da ake tsayawa kafin contrôle, kafin su zo gwaji. Tout le monde le fait, kowa na yi. Wanda bai yi ba, Sandaga na jiransa.”

 Na yi masa maganar lahira, ya ce zai tuba in ya yi ritaya. Na ce mu je likita ya auna shi, ya ce likita zai tona shi. Na taɓa kwashe kwalaben na zuba a shara, ya sayo wasu ya ajiye a ɗakin abokinsa mai rufin kwano, inda zafi ke dafa su, ya ci gaba da tsira su a haka. Da na ji, ni da kaina na ce ya dawo da su firji. Saura hanya ɗaya, in kai ƙararsa wurin masu gwaji su zo masa ba shiri. In na yi haka za a dakatar da shi, wataƙila ƙodarsa ta tsira, wataƙila kuma ya bar mini gida ya ci gaba a inda ba na gani. Abin da na tabbata shi ne New Bell za ta ce ɗa ya bi uba, a sake binne Ilu karo na biyu, wannan karon da hujja. Kullum da wannan lissafin nake kwana nake tashi, ban yanke komai ba.

Watan jiya Nasiru ya zo na ɗaya. An yi masa gwaji, ya cika musu kwalabensu biyu ba gardama, sakamako ya fito, babu komai. Ya shigo yana nuna mini a waya, yana cewa “négatif, Goggo, négatif”, yana dariya irin ta ubansa. Unguwa ta ɗauka. Samari suka zagaya da shi a kan babura suna hon. Ranar juma'a bayan an sauko, wani dattijon lungunmu, wanda ya yi wa Ilu salla a sahun gaba, ya tsaya a ƙofar gida ya aiko a kira ni.

“Hajiya, barka da arziki. Yaron nan ya fitar da ku kunya. An ce an gwada shi an same shi tas. Alhamdu lillahi, bai gado ubansa ba.”

Na ce, “Haka ne, Baba Alhaji. Bai gado shi ba.”

Ya ji daɗi, ya sa albarka, ya wuce.

In na auna abin da ya rage na Ilu bayan shekarun nan, ba shi da yawa. Lambobinsa na nan cikin kwanon Inna, sun yi tsatsa saboda damshin Duwala. A Sandaga waɗanda suka san shi sun tsufa ko sun koma arewa. A unguwa sunan da aka laƙaba masa ne ya zauna, kuma wannan rubutu ba zai goge shi ba, tunda na ɓoye shi daga masu buƙatar karanta shi. Ina roƙon Allah ya gafarta masa, ya karɓi la'asar ɗin nan da ya saya da duk abin da ya mallaka.

Sai kuma butar. Tana nan, shuɗin ya koɗe, bakin ya ɗan tsage, Nasiru ya hana a jefar, da ita yake alwala. Jiya da magariba ya dawo daga horo ya tsuguna a tsakar gida, ya cire takalmi, ya zare safa. Ina tsaye a kansa na ga sawun bakin safar ya nutse a ƙafarsa, ya yi rami, har ya gama wanke fuska da hannuwa ramin bai ciko ba. Na san wannan ramin, na sha danna shi da yatsana a daminar ƙarshe ta Ilu. Ruwan ya ƙare masa kafin ya kai ƙafa, ya miƙo mini butar ba tare da ya ɗago ba, ya ce, “Goggo, ƙaro mini.” Na karɓa na ƙaro masa.